Burburwar da Na Shuka wa Inna

Ni dai ban taɓa iya zama wuri ɗaya ba, wannan duk unguwarmu Farsha an sani. Lekol, wato boko, a aji biyar na bar shi, kuma ba korata aka yi ba, bencin ne ya ishe ni. Na yi tallan ruwan sanyi, na yi facin taya wata biyu, na yi kilando, wato acaɓa, da babur ɗin wani mutum har ranar da ya gaji ya karɓe abinsa. Daga ƙarshe na koma inda Baba ya ƙare rayuwarsa, wato kwata. Shi mahauci ne na gaske, da wuƙarsa da sunansa. Ni kuwa wankin tumbi aka ba ni.

Wanda bai sani ba, idan an yanka sa an fasa ciki, tumbin ake jawo mana gefe. Mu tsaga, mu zazzage abin da ke ciki, ciyawa ce da ba ta gama narkewa ba, da ɗuminta da warinta. Mu loda a baro mu kai juji, can inda masu lambu ke zuwa ɗiban taki. Shanun nan daga nesa ake koro su, wasu sun yi sati suna tafiya, suna cin abin da suka tarar a hanya. Shi ya sa da ruwa ya sauka, jujin nan yake fitar da tsirrai irin waɗanda ba ka ganinsu a cikin gari.

Wata rana a farkon damina na juye baro, sai na ga wata 'yar ciyawa a gefe inda takin ya haɗu da yashi. Ba ta kai gwiwata ba. Kanta siriri ne kamar hayaƙi, kuma rawa yake yi alhali babu iska. Na tsinko ɗaya don in sakace haƙori, na manta, na soke ta a bayan kunne na tafi gida.

Lokacin Inna ta yi wata huɗu a kwance. Ciwon ciki ne, an je asibiti an dawo, an sake zuwa an dawo. Abinci ya daina shiga. Yaya, wadda nake bi, ta baro gidan mijinta a unguwar Ambasatna ta dawo jinya. Ranar na tarar an fito da Inna bakin ƙofa a kan tabarma tana shan iska.

"Kai, Auta, zo nan. Mene ne wannan a kunnenka?"

"Ciyawa ce, Inna."

"Na ga ciyawa ce, ai ciki ke mini ciwo ba ido ba. Miƙo."

Ta karɓa, ta murza kan a tafin hannu, ta kai hanci. Ta daɗe a haka.

"Burburwa," ta ce. "A ina ka samo burburwa a Njamena?"

Na ce a juji. Ta ce to daga cikin saniya ta fito, saniyar kuma daga wajensu take. Inna a ruga ta tashi, can hanyar Masakori, aure ne ya kawo ta birni. Ranar ta yi magana mai tsawo wadda rabon da ta yi irinta an daɗe. Ta ce ƙarshen damina 'yan mata ke fita tun kafin rana ta ɓullo, kowacce da kwandonta, suna kaɗa shi a kan ciyawa hagu da dama, ƙwayar tana zubowa ciki. Dole sai da raɓa, don idan ta bushe tarwatsewa take yi. Larabawa duk irin waɗannan ƙwayoyin daji kireb suke ce musu, amma a wajen su Inna kowacce da sunanta, kuma burburwa ta fi ƙanƙanta, ta fi daɗi. A daka, a dama kunu, a zuba madara.

Sai ta ce, kamar da kanta take magana, "Da zan samu kunun sabuwarta, da na sha."

Na kalli Yaya, Yaya ta kalle ni. Matar da ko ruwan shayi sai an yi ta lallashi.

Washegari Yaya ta shiga kasuwa ta samo kireb, ta wanke, ta daka, ta dama. Inna ta karɓi cokali ɗaya ta juya kai.

"Wannan ta shekara a buhu. Kuma gauraye ce. Sabuwa ƙamshin raɓa take yi."

Yaya ta ɗauke kwanon ta zaga bayan ɗaki. Na ji tana fyace hanci. A nan na ce a raina, ba ciyawa ba ce? Ni zan shuka ta.

Na farko ɓarna na yi. Na samo bido huɗu, wato jarkokin mai, na yanke su biyu, na cika da taki zalla, baƙi wuluk, mai kyau. Na je juji na tono burburwar da saiwarta na dasa. Na jera su a inuwa kusa da ƙofar Inna don ta riƙa gani. Safe ruwa, yamma ruwa, wani lokacin da rana ma in na wuce sai in ƙara. Kafin sati ganyen ya yi rawaya, ya kwanta, gindin ya ruɓe yana wari.

Inna ta sa aka kawo mata bido ɗaya. Ta duba, sai ta fara dariya, tana riƙe ciki don zafi, amma ta kasa dainawa.

"Ka mai da ita amarya. Inuwa, ruwa, abinci. Saura lalle."

"To me take so?"

"Yashi take so, da rana, da a ƙyale ta."

Yaya tana wanke-wanke ta ce, "Ai 'yar uwarsa ce, Inna. Shi ma wa ya taɓa tsare shi a bido?"

Karo na biyu daga kan tabarma Inna ta yi noman, ni hannu ne kawai. Akwai wani fili a jikin katangarmu ta yamma, taku biyar a tsaye, uku a kwance, rana na dukansa tun hantsi. Ta ce nan. Na yi ta jido yashi daga bakin kogi a baro. Ta ce in kankaro busasshiyar ƙasar gefen juji, inda na ga ciyawar, don irin yana ciki. In watsa a sama, kada in binne.

"Taka da ƙafa kawai. Yadda saniya za ta taka ta wuce."

"Ruwa fa?"

"Wa ke ba ta ruwa a daji? Ka ajiye butar nan."

Aka yi ruwa sau biyu, wurin ya yi kore shar. Sai dai ba burburwa kaɗai ta fito ba. Duk abin da shanun suka ci ya fito. Kuma suna ƙanana duk kamarsu ɗaya a idona. Sai in tugo ɗaya in kai mata.

"Wannan fa?"

"Ƙarangiya. Cire ta tun ba ta yi ƙaya ba."

"Wannan?"

"Gude-gude. Ita ma ana ci, amma ba ita muke nema ba."

"Wannan?"

"Innalillahi. Ita ce ka tuge. Mayar da ita, ka ba ta haƙuri."

A hankali na gane ta. Ganyenta siriri, gindinta da ɗan ja, kuma in ka ja ta ba ta gardama, saiwarta ba ta da zurfi. Awakin maƙwabta suka gano wurin, na kewaye da ƙaya. Kaji suka bi ta ƙasa, na yage tsohon gidan sauro na zagaye. A kwata labari ya bazu. Wani dattijo da suka yi aiki tare da Baba, in ya hango ni sai ya ɗaga murya, "Ga manomin gesh nan!" Gesh ciyawa ke nan da Larabci. "Ɗan mahauci ya koma tunkiya. Yaushe za a yi girbi mu zo da akuyoyinmu gayya?" Kowa ya yi dariya, ni ma in yi.

Sati shida ban je ko'ina ba, daga kwata sai gida. Tun da na yi wayo ban taɓa yin haka ba. Mutane suna cewa yaron nan ya natsu, ciwon uwarsa ya gyara shi. Gaskiyar ita ce ɗakin ne ba na iya shiga. Warin magani, da hannun Inna da ya koma kamar kara, da nishin da take yi in ta ɗauka ba mai ji. Ciyawar ta ba ni wurin tsugunawa a waje, ina gida amma na ba ɗakin baya. Yaya ce ke ciki, ita ke juya ta, ita ke wanke ta.

Da ciyawar ta fara fitar da kai, Inna ta sa muka ɗauko ta da tabarma har bakin katanga. Filin nan duka yana rawa, kamar an shimfiɗa hayaƙi a ƙasa. Ta kalla, ta kalla, sannan ta ce in kama 'yan tsirrai a kusurwa in ƙulle kansu wuri ɗaya.

"Na mene ne?"

"A wajenmu in yarinya ta ga fili mai kyau, ƙulli take yi. Duk wadda ta zo ta ga ƙulli, wucewa za ta yi, ko 'yar uwarta ce uwa ɗaya. Ko yunwa za ta kashe ta. Fili na mai ƙulli ne, ita za ta kaɗa."

Na ƙulla ina dariya. Na ce, "Yaya, kin ji ko? Kada in ga ƙafarki a gonata."

"Allah ya kiyashe ni da gonar tumaki," in ji Yaya.

Ni wasa na ɗauke shi.

Inna ta gaya mini, ba sau ɗaya ba. Ta ce idan kan ya fara ja, kwana biyu zuwa uku ne kawai. Ta ce wannan ba gero ba ce da za a bar ta a kara ta bushe, da ta nuna zubar da kanta take yi. Na ji da kunnena. Amma ni ɗan birni, abin da na taɓa gani na hatsi shi ne gero da dawa a bakin hanya, tsaye har su bushe ƙamas kafin a yanka. Na murza kan burburwar a hannuna, ƙwayar kamar ƙura, da ƙyar ake ganinta. Raina ya ce wannan ba ta ƙosa ba, tsohuwa ce kawai take gaggawa. In an ƙara mata kwana biyu za ta fi cika.

Wata Talata da yamma Inna ta sa na tsinko mata kai ɗaya. Ta ciza da haƙorin gaba.

"Jibi," ta ce. "Jibi da asuba, kafin raɓa ta bushe. Ka nemo kwando, ka shafe cikinsa da kashin shanu ya toshe ramukan."

Na ce to.

A yammacin nan wani abokina mai babur a unguwar Ngeli ya zo. Yana neman wanda zai kama masa jigilar kaya daga garin Kusiri da ke ƙetaren kogi, a tsallako gada, aikin kwana biyu. Tun kafin ya rufe baki na ji ƙafata ta amsa. Na ce wa kaina kwana biyu ne, ciyawa ma ta ƙara ƙosawa. Da safe ban shiga ɗakin ba. A bakin ƙofa na gaya wa Yaya, a tsaye.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ka gaya mata?"

"Barci take. Jibi-jibin nan zan dawo."

"Je ka. Dama na ga ƙafar ta daɗe tana maka ƙaiƙayi."

Aikin a kwana biyun ya ƙare, ba zan yi ƙarya ba. Ba a kama ni ba, babur bai lalace ba, gada a buɗe take. Zama na yi. Na sha shayi a rumfar masu babur, na kalli ƙwallo, na ci kifi, na yi ta yawo a Kusiri ba dalili. Waya tana aljihu a kashe, na ce caji ne babu. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne daɗi na ji. Kwana biyar ban ji nishi ba. A rana ta huɗu aka yi iska mai ƙarfi da ɗan yayyafi, ina cikin rumfa na ja rigata na rufe kai, ban ko tuna da katangar yamma ba.

Da na dawo, wajen ciyawar na fara nufa. Tana nan tsaye, ta yi ruwan zinariya, ta fi kyau a kan yadda na bar ta. Har na ji sanyi a raina, na ce ka gani, ta jira. Na sa hannu na shafo kai ɗaya. Ba komai. Na shafo wani. Na bi layi ina shafowa kamar mahaukaci, ƙaiƙayi kawai ke maƙalewa a hannuna. A ƙasa kuwa tururuwa sun yi layi biyu, kowacce da ƙwaya a baki, suna shigewa rami a gindin katanga.

Yaya tana tsaye a bayana, ban ji zuwanta ba.

"Ranar Alhamis tun kiran salla ta farka," ta ce. "Ta ce in duba ko ka fito. Na ce ka tafi Kusiri. Juma'a ta sake tambaya. Na ce Inna, ga kwando, ki gaya mini yadda ake yi in kaɗa miki. Ta ce a'a."

"Don me?"

"Ta ce da ƙulli."

Na juya na kalli kusurwar. Yana nan yadda na ɗaure shi.

"Na ce mata wasa ne, shi kansa wasa ya ɗauka. Ta ce mai fili zai zo. Ranar iskar nan ina kallo tana zuba, na ɗauki kwando zan fita, ta riƙe mini zane. Hannun da ba ya iya ɗaga cokali, shi ya riƙe ni."

Na shiga ɗakin. Ta ƙara ƙanƙancewa a kwana biyar ɗin. Na durƙusa a gabanta. Na so ta zage ni. Inna ta iya zagi da, har maƙwabta na leƙowa.

"Ka dawo," ta ce. "Ka ci abinci?"

"Inna, ta zube."

"Na sani. Samo tsintsiya mai laushi ka share ƙasan. A hankali, sama-sama."

"Akwai da yawa a ramin tururuwa. In tona?"

Ta rufe ido. "Bar musu. Su sun zo a kan lokaci."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan a kan maganar, har ta bar duniya.

Na share filin nan taku biyar sau uku, a durƙushe. Abin da na tara yashi ne cike da kwano, da ƙwaya jefi-jefi a ciki. Yaya ta sheƙe a faifai, ta rairaye a ruwa, ta sake rairayewa, har la'asar. Ƙwayar da yashin girmansu ɗaya, ba sa rabuwa. Abin da ya fito bai cika rabin kofin shayi ba. Ta daka, ta dama, na je na samo madara mai ɗumi wajen masu shanu.

Ni na ba ta da hannuna. Cokali na farko, na ji ƙarar yashi a haƙorinta, ƙaras. Ta haɗiye. Ta buɗe baki na ba ta na biyu, da na uku. A na huɗu ta ɗaga hannu.

"Akwai yashi ko, Inna?"

"A can ma da yashinta muke sha," ta ce. "Haka take. Allah ya yi maka albarka."

Na riƙe wannan maganar kamar igiya. Bayan kwana tara ta rasu, da rana, bayan azahar. Ina cikin ɗakin, wannan karon.

Yaya ta koma Ambasatna. Ni na ci gaba da zama a gidan, in dai za a kira shi zama. Na bar kwata, na koma, na sake bari. Filin ban ƙara kallonsa ba, kaji suka yi ta tonon abinsu.

Da damina ta zagayo, ba wanda ya shuka, ba wanda ya taka, burburwa ta fito da kanta. Ta cika filin, ta bi gindin katanga, ta fi yawa a bakin ramin tururuwa. Na cire ƙarangiya da gude-gude, yanzu ba sai na tambayi kowa ba. Da kan ya fara ja na ciza, na ƙirga kwana biyu. Na shafe kwando, na fita da asuba raɓa tana jiƙa mini wando, na yi ta kaɗawa hagu da dama. Ƙwayar tana zubowa da wata 'yar ƙara kamar yayyafi a kan kwano. Kafin rana ta fito na tara abin da ya cika ƙaramar ƙwarya. Aikin bai kai awa ɗaya ba. Abin da take nema a wajena ke nan, awa ɗaya.

Na kai wa Yaya. Ranar akwai baƙuwa a gidanta, ƙanwar Inna, wadda har yanzu a ruga take, ta shigo birni ganin likitan ido. Da ta ga abin da ke ƙwaryar ta tafa hannu, ta karɓe turmin daga hannun Yaya ta ce ku ba ku iya ba. Ita ta dama.

Na kurɓa. Santsi, ba ko ƙwayar yashi, kuma ga ƙamshin nan, irin na ƙasa da safe kafin kowa ya taka. Ban taɓa jin sa ba. Wanda na ba Inna ba shi da wannan ƙamshin ko kaɗan.

Na ce, "Inna ƙarama, a can in kun sha, ba ya zuwa da ɗan yashi?"

"Yashi?" Ta ajiye ludayi. "Wa zai sha yashi? Ai don kada ta taɓa ƙasa ake fita da raɓa. Yarinyar da aka ji yashi a kununta, har ta yi aure ana mata waƙa. Uwarku kuwa ita ce ta fi kowa tsokanar mutane a kan haka. Ko ƙwaya ɗaya ta ji, tofarwa take yi ta ture ƙwaryar."

Ta ci gaba da shan kununta. Yaya ta kafe ido a ƙasa. Ni kuwa na kasa haɗiye wanda ke bakina, kuma na kasa tofarwa a gaban babba, haka na zauna da shi.

Bana ma ta fito. Na cire mata ƙarangiya, na gyara gidan sauron saboda kaji. Ban sani ba ko ina gari ranar da za ta nuna, don an yi mini maganar wani aiki a kudu kuma ƙafata ta fara ƙaiƙayi. Na gaya wa Yaya, na gaya wa matar maƙwabcinmu, na nuna musu yadda ake riƙe kwando. Ƙulli dai ban yi ba.